Raket Ɗin Da Ba Nata Ba

Da hannun hagu ta miƙo masa raket ɗin. Abin da Tsirkiya ya fara lura da shi ke nan. Da ya ɗago ya ga fuskarta kuwa, sai da ya manta da almakashin da ke hannunsa.

Shagon kayan wasa ne ɗan ƙarami na yayarsa, a ƙasan wani bene, tsakanin mai gyaran waya da mai wanki da guga. Ita ke kula da masu saye, shi kuma yana lungu da injinsa, yana saƙa wa raket ɗin badminton sabon zare in ya tsinke. Siririn jikinsa da sana'arsa ne suka haɗu suka ja masa sunan Tsirkiya.

"Sannu da aiki," in ji budurwar. "Zare ya tsinke. A ɗaure mini a tsaurin fam talatin."

"Talatin?"

Ya ɗora sandar raket ɗin a kan yatsa ɗaya, kan ya rinjaya ƙasa. Ya gwada lanƙwasa wuyan, ya ji shi kamar ƙarfe. Ya dubi kaurin mariƙin, ya saci kallon 'yan yatsunta.

"Baiwar Allah, wannan ba naki ba ne."

"Au, sato shi na yi?"

"Ban ce ba. Amma dubi nan. Nauyinsa duk a kai yake, an yi shi ne don ƙaton da ke tsalle ya saro ƙwallo ƙasa. Wuyansa ba ya lanƙwasa, ba zai taimaka miki da komai ba, ƙarfinki kaɗai zai ci. Mariƙin ya fi ƙarfin tafin hannunki. In aka ƙara masa zare mai tsaurin talatin, duk bugun da bai sauka a tsakiya ba, girgizarsa a kafaɗarki za ta ƙare." Ya yi ƙasa da murya. "Tun yaushe take ciwo?"

Murmushinta ya ɗauke. Ta kai hannu kan kafaɗarta ta dama ba tare da ta sani ba.

"Na yayana ne," ta ce. "Shekara uku ke nan da rasuwarsa. Duk kofunan da ke falonmu da irinsa ya ciwo su. Babana ne kocinmu, kuma talatin ya ce."

Tsirkiya ya ji kunya ta lulluɓe shi. Ya yi mata ta'aziyya, ya ɗaure a talatin, ya rubuta lambar a ɗan sitika ya manna a ƙasan mariƙi kamar yadda yake yi wa kowa.

Tana fita Yaya ta leƙo daga bayan kantar shagon.

"Ikon Allah! Tun safe kalma goma ba ta fito daga bakinka ba, yanzu ga lacca kyauta. Rufe bakin mana, Auta, ƙuda zai shiga."

A zauren wasa Tsattsewa ake kiran budurwar, saboda yadda take shawagi a fili kamar ƙafarta ba ta taɓa ƙasa. Zarenta kuwa ba ya mako biyu bai tsinke ba, don haka hanyar shagon ta zame mata sananniya. Tun ana gaisuwa a tsaye, har Yaya ta ajiye mata kujera.

Saƙonsa na farko gare ta ta waya bai wuce layi ɗaya ba.

"Raket ya kammala. Ya kafaɗa?"

"Likitan raket, kafaɗa tana gaishe ka. Ta ce ka daina sa mata ido."

"Faɗa mata ba zan iya ba. Idona ya riga ya ƙi bin umarnina tun ranar da kika shigo, Tsuntsuwata."

Yana turawa ya fara cizon yatsa. Can sai ga amsa: "Wa ya ba ka ita har ta zama taka? To, na ji. Ka riƙe ta da kyau, fiffikenta ɗaya ne mai lafiya."

Ya karanta ya yi dariya, sannan ya tuna da kafaɗar, dariyar ta ɗauke.

Wata rana da la'asar ya ciro wani raket daga bango, ya ce ta biyo shi ɗan lungun bayan shago inda ake jibge kwalaye. Mara nauyi ne, nauyin kansa da na gindinsa daidai, wuyansa yana da ɗan laushi.

"Riƙe. Kin ga? In kin dunƙule hannu, ya kamata a sami 'yar tazara tsakanin yatsunki da tafinki, ba ki riƙa shaƙe shi kamar wuyan ɓarawo ba."

Ya jefa mata ƙwallon gashin tsuntsu. Ta buga. Ƙwallon ya tashi ya daki bango, ita kuwa ta tsaya cak tana kallon hannunta.

"Bai yi zafi ba," ta ce a hankali. Ta sake bugawa, ta kuma sakewa. Hawaye suka cika mata ido. "Wallahi na manta ana bugu ba zafi."

"Tafi da shi ki gwada."

"Baba ba zai yarda ba. In ina wasa, ba ni yake kallo ba. Raket ɗin yake kallo, yana ganin ɗansa. In na ajiye shi, kamar na sake binne yayana ne a gabansa."

Duk da haka ta tafi da shi, a ƙasan jaka, ƙarƙashin tawul.

Kwana huɗu aka yi. Ranar ta biyar wani dattijo mai faɗin kafaɗa da furfura a gemu ya shigo, ya ajiye raket ɗin a kan kantar shagon kamar wanda ya tsinci ƙazanta a gidansa. A bayansa akwai wani dogon saurayi yana kaɗa makullin mota. Shi ne Kyaftin na ƙungiyar maza, abokin wasan Tsattsewa in ana buga na bibbiyu, wanda kowa ya san ya daɗe yana neman aurenta, kuma dattijon, wanda shi ne mahaifinta, yana yi da shi.

"Kai ne mai zaren?"

"Ni ne, Baba. Sannu da zuwa."

"Shekara nawa ka yi a fili?"

"Ban taɓa shiga gasa ba, Baba."

"To ni na yi talatin da biyar. Na ga kafaɗu sun yi ciwo sun warke tun ba a haife ka ba. Aikinka ka ɗaure abin da aka ce maka."

"Baba, ka gafarce ni, amma ba ta iya ɗaga kofin shayi da hannun nan."

Kyaftin ya yi dariya. "Koci, ashe har likita gare mu. Malam, wannan abin da ka ba ta ai na kore sauro ne."

Dattijon bai yi dariya ba. Ya tsare Tsirkiya da ido.

"Na kuma ji kana shirin turo manyanka. Kada su wahalar da ƙafarsu. Saura mako uku gasar tantance 'yan wasan ƙasa. Ɗana ya rasu saura kwana tara ya shige ta. Ba zan bari wani ya karya mata zuciya da surutun ciwo ba."

Suka fita.

Saura kwana biyu gasar, Tsattsewa ta kawo raket ɗin yayanta guda biyu a sake musu zare. Ta rame. Gyalenta ya zame, ta ɗaga hannun dama za ta gyara, hannun ya tsaya a hanya, ta cije leɓe, ta gyara da hagu.

"Tsuntsuwata, ki bari in rage. Ko fam huɗu."

"A'a."

"Don girman Allah."

"Na ce a'a. Wata shida ina atisaye da talatin, hannuna shi ya sani. Kwana biyu kawai ya rage. In na tsallake, na yi maka alkawari zan zaunar da Baba. Ka yi mini alkawari kai ma."

"Na yi," ya ce.

Bayan ta tafi ya ɗora raket a kan inji, ya saita talatin. Ya daɗe yana kallon lambar. Fuskarta kawai yake gani lokacin da ta cije leɓe. Zuciyarsa ta ce masa, fam shida ne kawai, ba za ta gane ba, wata rana ma za ta gode maka. Ya mayar da injin ashirin da huɗu, ya ɗaure duka biyun. Sannan ya ɗauki biro ya rubuta talatin a kan sitika. Hannunsa ko rawa bai yi ba, kuma wannan ne abin da ya fi damunsa daga baya.

Ranar gasa yana cikin 'yan kallo a benci na sama. Zauren ya cika da kukan takalma da warin man zafi. Bugun farko da ta ɗaga, ƙwallon ya wuce layin baya da taku guda. Na biyu ma haka. Zare mai sassauci ya fi cilla ƙwallo nesa, shi kuwa hannunta ya saba da auna ƙarfinsa da mai tsauri. Tsirkiya ya san haka sarai. Tsoron ciwonta ne ya rufe masa ido.

Ta canza raket, ba ta canza zani ba. Ta rage ƙarfi, ƙwallo ya faɗa raga. Cikin minti ashirin da biyar wata yarinya da ba ta taɓa cin ta ba ta lallasa ta.

Daga sama ya ga Kyaftin ya ɗauki raket ɗin, ya buga zaren a tafin hannunsa, ya kara a kunne. Ya buga nasa, ya sake karawa. Ya miƙa wa Koci. Dattijon ya saurara, ya juya sitikar ya karanta. Sai Tsattsewa ta ɗago kai tana laluben benci har idonta ya sauka a kansa.

Bai taɓa ganin kallo irin wannan ba. Da zagi ne da ya fi sauƙi.

Ya sauko da gudu. Kafin ya iso Koci ya sa almakashi ya datse zaren duka, ya aika wa mai ɗaurin da ke zauren. Saura mata dama ɗaya da yamma. In ta sake faɗuwa, ta fita.

"Ki saurare ni," ya ce yana haki. "Na yi laifi, na amsa. Amma kada ki buga da talatin yau. Kin riga kin gajiyar da kafaɗar, za ta..."

"Wannan ma gaskiya ce, ko irin ta sitika ce?"



"Fita daga nan," in ji Koci. "Maci amana."

Bai fita ba. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ga ta shiga wasan yamma da fushi, tana saran ƙwallo kamar mai rama gayya. Ta ci zagayen farko. A tsakiyar na biyu ta yi tsalle, hannunta ya kai sama, sai raket ya suɓuce ya yi gefe. Ƙarar da ta yi ta sa zauren duka ya yi tsit.

Jijiyar kafaɗa ce ta yage. Aka yi mata tiyata. Likita ya ce gasa kam ta ƙare har abada, abin da ake roƙo yanzu shi ne hannun ya ɗagu ta iya hidimar kanta.

Sau uku Tsirkiya yana zuwa asibiti, sau uku Koci yana tare shi a baranda. Ya koma shago ya lulluɓe injinsa da tsumma. Abinci ya ƙi shiga. Yaya, da bakinta ba ya hutawa da tsokana, ta zauna kusa da shi wata safiya.

"Auta, ba zan ce maka ba ka yi laifi ba, don ka yi. Amma kwanciya ba ta biyan laifi. Tashi ka faɗa mata gaskiya, ba tare da ka wanke kanka ba."

Ya rubuta ya goge ya fi sau goma, kafin ya tura.

"Na yi miki alkawari na karya. Na rubuta ƙarya da hannuna. Da ban yi ba, da kin saurare ni lokacin da ya fi muhimmanci. Ba na neman ki dawo. Ina neman ki san cewa na sani."

Mako biyar babu amsa. A cikin makonnin ne labari ya zo cewa Kyaftin ya sami sabuwar abokiyar wasa. Sau ɗaya ya je dubiya, da furanni da hanzarin tafiya atisaye.

Ranar da amsar ta zo, yana share shago.

"Da hagu nake rubutu, ka yi haƙuri da jinkiri. Ka san abin da ya fi kafaɗar ciwo? Baba ya zaɓa mini don yana son yayana. Kai ka zaɓa mini don kana so na. Hannuna ne, amma ba wanda ya bar mini shi. Na yi fushi da kai har na gaji. Yanzu kewarka ta fi fushin yawa, kuma haushin hakan nake ji."

Ya zauna a ƙasa da tsintsiya a hannu ya yi kuka kamar ƙaramin yaro.

Wata bakwai bayan tiyata, mai gashin ƙashinta a asibiti ta ce za ta iya fara kaɗa raket mara nauyi a hankali, don motsa kafaɗa. Da hantsi suka shigo, ita da mahaifinta. Koci ya tsufa a watannin nan, kafaɗunsa sun rusuna. Bai amsa gaisuwa da baki ba, ya dai gyaɗa kai ya zauna a kujera.

"Raket nake so," ta ce.

Tsirkiya ya sauko da guda biyar ya jera a kan kantar shagon. Ya faɗi nauyin kowanne, da inda nauyin ya karkata, da taurin wuyansa, da kaurin mariƙinsa. Daga nan ya ja da baya ya haɗe hannuwansa a bayansa.

"Wanne ka gani?" ta tambaya, tana kallonsa ta gefen ido.

"Wanda kika gani."

Ta ɗauki na farko ta ajiye. Ta jinjina na biyu, ta yamutsa fuska. Ta daɗe a kan na huɗu, wanda shi a ransa ya san ya fi dacewa da ita, sannan ta ajiye ta ɗauki na biyar, mai ɗan nauyi kaɗan a kai. Harshensa ya yi ƙaiƙayi, ya danne.

"Wannan. Ina so in ji akwai abu a hannuna. A ɗaure a ashirin da biyu. In ya yi mini zafi zan dawo in canza, ni da kaina."

"An gama."

Ya cire tsumman da ke kan inji, ya juyo da allon lambar yadda za su gani, ya fara aiki. Ba a jin komai sai ƙarar zare. Ya kai rabi Koci ya yi magana, idonsa a ƙasa.

"Da kunnena na ji ka ce ba ta iya ɗaga kofin shayi. A gidana take, a tebur ɗaya muke ci, amma sai a bakin baƙo na ji. Kuma na ji ɗin ma na toshe kunne." Ya numfasa. "Wata bakwai ina neman wanda zan ɗora wa, na ɗora maka. Naka laifin na kwana biyu ne. Nawa na shekara uku ne."

"Baba..." in ji Tsattsewa.

"Bar ni in gama, 'yata. Na rasa ɗaya, na kusa ƙarasa ɗayar da hannuna." Ya ɗago ya dubi Tsirkiya. "Ban manta da abin da ka yi ba, kuma ba na jin zan manta. Amma ba ni zan zauna da kai ba. Jiya na tambaye ta, abin da ban taɓa yi ba. Ta ce kai. Ka turo manyanka."

Daga bayan kantar aka ji Yaya tana jan hanci. "Ni mura nake yi," ta ce, "kada wanda ya kalle ni."

Bayan wata biyu aka ɗaura aure, ba tare da wani taro mai yawa ba. 'Yan zauren wasa kaɗan ne suka zo, don mutane sukan guji ganin abin da suke tsoron ya same su. Hannun amarya bai koma yadda yake ba, kuma likita ya ce ba zai koma ba. Iyakarsa daidai kafaɗa da ɗan ɗoriya.

Da za ta bar gida, Koci ya tsaya a bakin ƙofar falo, ya haɗa hannunta da na mijinta.

"Allah ya yi muku albarka. Allah ya ba ku zaman lafiya da zuriya ta gari. Kai kuma, ko gaskiya za ta kashe ka, ka faɗa mata."

"In Allah ya yarda, Baba."

Dattijon ya so ya ƙara wani abu, sai hawaye suka gangaro cikin furfurar gemunsa. Tsattsewa ta zare hannunta na dama daga na angon, ta fara ɗaga shi a hankali, tana cije leɓe. Tsirkiya ya ga yana rawa, ya ji kamar ya tallafa mata, amma ya tsaya inda yake.

Hannun ya wuce ƙirjin mahaifinta, ya wuce kafaɗarsa, ya tsaya. Saura kaɗan.

Sai Koci ya sunkuyo da kansa, ta share masa hawayen.